Kunnen da Aka Manta: Tarken Wani Gajeren Labari

Daga cikin gajerun labaran da ɗalibai suka miƙa wa wannan mujalla a bana, babu wanda ya jawo ja-in-ja a tsakanin malaman da suka duba su kamar na wata ɗaliba 'yar aji uku, wanda ya ba da labarin budurwar da ke tsoron a huda mata kunne. Wasu daga cikin abokan aikina sun ga bai cancanci shiga ba, hujjarsu kuwa ita ce jigonsa ya yi ƙanƙanta: ƙasa tana fama da yunwa da garkuwa da mutane, ita kuwa marubuciya ta ɓata shafi tara a kan allura da zare. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa labarin yana da aibi, amma ba inda suka nuna yake ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Tauraruwar, wadda ita ce ke ba da labarin da bakinta, 'yar shekara 19 ce, ta tashi a unguwar Hausawa ta wani birnin kudu a hannun mahaifinta. Saura mako shida bikinta aka kawo lefe, a ciki har da 'yan kunne na zinariya, sai ga shi kunnen amarya ba huji. Tun tana 'yar shekara 7, lokacin da allurar zazzaɓi da wani mai kemis ya yi mata ta kumbura ta yi ruwa, ko ganin allura ta yi sai jiri ya ɗebe ta. Sau biyu ƙawayenta suna kai ta shagon da ake hudawa da ɗan inji, tana gudu. Daga ƙarshe goggonta, wadda ta zo biki daga ƙauye, ita ta huda mata a tsakar gida.

Zargin ƙanƙantar jigo gado ne muka ci ba tare da mun bincike shi ba. Ƙagaggun labaranmu na farko, waɗanda suka biyo bayan gasar 1933, sun ginu ne a kan manyan al'amura: yaƙi a Ganɗoki, yawon duniya a Ruwan Bagaja, bauta da rabuwa a Shaihu Umar. Tauraron wancan zamani namiji ne, kuma in ya ji tsoro, to aljani ya gani ko takobi. Marubutan da suka ɓullo a Kano daga shekarun 1980 sun shigo da labari cikin gida, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, amma jikin mace a yawancin littattafansu abin ado ne: a yaba gashi, a yaba wuya, a lissafa gwala-gwalai. Ana yawan ganin ɗan kunne, ba a cika tambayar yadda aka yi ya shiga ba. Ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, allurar da ke sunansa ta karin magana ce, ba ta huda kowa ba. Saboda haka ɗalibar da ta tsaya a kan fatar kunne da abin da mai ita ke ji, ta taka wurin da ba a cika takawa ba.

Ta kuma taka shi da kyau. Mafi ingancin ɓangaren labarin shi ne zuwa shago na biyu. Marubuciyar ba ta ce mana tauraruwa ta tsorata ba, sai ta bar jiki ya yi magana, jiki kuwa magayi ne. Da farko zuciya ta yi ta bugawa, sannan sai bugun ya lafa, gumi mai sanyi ya karyo, muryar mai shago ta koma kamar daga cikin rijiya, gefen idanu ya fara duhu. Wannan jeri daidai yake da abin da likitoci suka sani. Tsoron allura da jini ya bambanta da tsoron maciji ko na duhu, domin a wajen mutane da yawa bugun zuciya da ƙarfin gudun jini sukan hau ne sannan su faɗi farat ɗaya, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa, mutum ya sume. Shi ya sa shawarar da ƙawayen ke ta ba ta, wai ta saki jikinta, ba ta yi amfani ba. Dabarar da masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya bayyana a 1987 akasin haka ce: mai irin wannan tsoro ya ɗaure tsokar hannu da ƙafa da ƙirji na ɗan lokaci, ya saki, ya maimaita, don kada ƙarfin jinin ya faɗi. Abin sha'awa, a fagen ƙarshe goggo ta miƙa wa yarinyar taɓarya ta ce ta matse ta da dukkan ƙarfinta. Ko marubuciyar ta karanta wannan ne, ko ta gani a gida, hankalinta ya kai inda ya kamata.

To, ina aibin yake? Yana cikin tambayar da kowane Bahaushe zai yi tun daga shafi na farko, wadda marubuciyar ta amsa da layi biyu ta wuce: me ya sa budurwa ta kai shekara 19 ba a huda mata kunne ba? A ƙasashen Turai da Amurka, inda yarinya kan girma ta zaɓi a huda mata, labarin shawo kan tsoron allura labari ne na cin nasarar mutum a kan kansa. A wurinmu ba haka abin yake ba. Jaririya ake hudawa, galibi tana cikin kwanakinta na farko, ungozoma ko wata tsohuwa ta sa allura da zare ta huda, a bar zaren a ciki har hujin ya warke, daga baya a sa tsinke ko ɗan kunne. Yarinya takan buɗe ido ne ta ga kunnenta a huje, ba ta san zafinsa ba, ba a kuma nemi izininta ba. Kunnen da ba a huda ba, ke nan, shaida ce ta cewa wani abu ya faru a gidan a wancan mako. Abin da ya faru kuwa, kamar yadda layukan nan biyu suka faɗa, shi ne mahaifiyar ta rasu kwana huɗu da haihuwa, zaman makoki ya haɗiye suna, kowace mace a gidan ta ɗauka wata ta yi.

Nan ne zuciyar labarin take. Shekara 19 yarinya tana yawo da alamar maraicinta a gefen fuska, tana janyo ɗankwali tana rufewa. Goggon da ta zo hudawa kuwa tana cikin matan da suka manta. Da ta kwantar da kan amarya a cinyarta kamar jaririya, ta gasa allura a wuta, bashi take biya. Marubuciyar ta tsara wannan fage da hannunta, amma ba ta ga abin da ta tsara ba. Maimakon ta bar matan biyu su yi shiru, ko goggo ta ambaci sunan marigayiya sau ɗaya, sai ta cika bakin tsohuwar da bayani a kan illar yin amfani da allura ɗaya ga mutane da yawa da cututtukan da ake ɗauka ta jini. Bayanin gaskiya ne, ciwon hanta da ƙanjamau suna yaɗuwa ta wannan hanya, amma muryar ta ma'aikaciyar asibiti ce a shirin rediyo, ba ta goggo ba. Da ma a nuna ta tana ɓare sabuwar allura daga takardarta, ya wadatar.

Akwai kuma al'amarin dauriya, wanda aka taɓa aka saki. Al'adarmu tana yaba macen da ta haɗiye zafi, har a kan gwiwa ana son ta yi shiru. Amaryar da ke suma saboda allura a gaban dangin miji abin dariya ce, ta kuma san haka. Tsoronta biyu ne, na allura da na gori, na biyun ma ya fi ciwo. Sau ɗaya kawai aka nuna wannan, inda ƙanwar ango ta ɗaga ɗan kunnen ta dubi kunnen amarya ta yi murmushi. Na so a ƙara mana irinsa.

Babban rauni shi ne rufewa. Allura na fita, sai tauraruwa ta tsaya gaban madubi ta yi mana huɗubar shafi ɗaya da rabi a kan cewa tsoro ba komai ba ne, washegari ma har ta tafi asibiti ta ba da gudummawar jini. Wannan cuta ce da ta kama ɗalibanmu da yawa, mu malamai kuma muna da hannu a ciki, tunda mu ne ke tambayarsu darasin kowane labari a jarrabawa. Tsoron shekara 12 ba ya warkewa da huji biyu, kuma duk wanda ya taɓa suma a gaban ma'aikaciyar jinya ya san haka. Yarinyar da aka nuna mana a shafi bakwai na farko ta zauna ne an huda mata tana rawar jiki, kuma gobe in ta ga allura jirin zai dawo. Ita ce muka yarda da ita. Wadda ke gaban madubi baƙuwa ce.

Game da sarrafa harshe, Hausar marubuciyar tsaf take, da ɗanɗanon Hausar mazauna kudu a bakin ƙawaye, wanda ya dace da su. Sai dai ta rage karin magana, guda 11 a shafi tara sun yi yawa, musamman wanda ya ce allura ta tono garma, da aka cusa sau biyu.

Shawarata gare ta, idan za ta sake buga labarin a wani wuri, ita ce ta yanke shafi ɗaya da rabin nan na ƙarshe. Ta tsaya a inda goggo ta ƙulla zaren kunne na biyu, ta shafa man kaɗanya, ta ce da ita: 'yar nan, ki riƙa juya shi kullum da safe, kada ya kama.