Manhajar koya wa yara kurame magana: murya daban, yare daban

A 1988 kamfanin IBM ya fitar da manhajar SpeechViewer, wadda ke mayar da murya hoto. Yaro kurma zai yi sauti a makirfo, sai ya ga balan-balan na kumbura a allon kwamfuta gwargwadon ƙarfin muryarsa. Daga baya Dominic Massaro na Jami'ar Kalifoniya ya samar da Baldi, wato fuskar kwamfuta mai magana, wadda ake iya hango motsin harshe a cikin bakinta.

Dabarar tana da ma'ana. Mai ji da kunnensa yake gyara furucinsa. Wanda ba ya ji kuwa, sai a ba ido wannan aikin. Ga shi kwamfuta ba ta gajiya, ko sau ɗari za a maimaita.

To ina matsalar? Abin da manhajar ke aunawa shi ne ƙarfin murya, hawa da saukarta, da kamannin wasali. Yaro zai iya cinye wasan tas, amma ya kasa gaya wa mahaifiyarsa cikinsa na ciwo. Furta sauti a gaban allo daban, hira a tsakar gida daban.

Babban haɗarin shi ne lokaci. A shekarun farko na rayuwa ƙwaƙwalwa ta fi kama yare, na baki ne ko na hannu. Idan iyaye suka hana yaro maganar hannu suna jiran kwamfuta ta buɗe masa baki, ana iya yin biyu babu. An taɓa yin wannan kuskuren: taron malaman kurame na Milan a 1880 ya fifita koyar da magana a kan yaren hannu, sai a 2010 taron Vancouver ya yi watsi da matsayar.

A wajenmu akwai ƙarin cikas. Manhajar da aka gina kan Turanci ba ta san bambancin k da ƙ ba, balle ta raba garin Kano da garin tuwo.

Don haka a ɗauke ta a matsayin kayan aikin malami, musamman ga yaro mai ragowar ji ko mai na'urar ji. Amma a fara ba yaro yare tukuna. Kuramen Kano suna da nasu, Maganar Hannu, kuma ba ta buƙatar lantarki.