Shirun Aura da Alƙalamin Abdullahi: Nazari a kan Gandun Dabbobi

Littafin Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara daga Animal Farm na George Orwell (1945), aka buga shi a 1975, ya bi turbar da ɗaliban Larabci suka sani tun daga Kalila wa Dimna na Ibnul Muƙaffa'i: a sanya magana a bakin dabba domin a isar wa mai mulki abin da ba ya faɗuwa ido da ido. Juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin Orwell yake nufi, amma mai fassara ya mai da gandun na Nomau, ya raɗa wa dabbobin sunayen gida, har mai karatu kan manta da Rasha ya shiga tunanin ƙasarsa.

Hankali kan fara zuwa kan Maitumbi, aladen da ya sa karnuka suka kori Ɗantulu, ya haɗiye mulki shi kaɗai. A ganina ba nan ƙarfin littafin yake ba, domin azzalumi mai karnuka tsohon labari ne. Inda ya kamata ɗalibin ilimi ya tsaya shi ne bangon da aka rubuta dokoki bakwai bayan korar Nomau. Karambana, kakakin aladu, bai goge dokokin a tashi guda ba. Cikin dare yake zuwa ya ƙara wa nassi muɗlaƙi ƙaidi: haramcin giya ya koma haramcin wuce kima, haramcin kisa ya koma haramcin kisa ba da dalili ba. Wannan shi ne tahrifi, kuma ya yiwu ne saboda yawancin dabbobin ba su iya karatu ba.

Sai dai akwai wanda ya iya. Aura, tsohon jakin nan, yana karatu daidai da aladu, ya ga abin da ake yi, ya kame bakinsa. Bai ɗaga murya ba sai ranar da aka loda amininsa Akawal a motar mahauta, lokacin da magana ba ta da sauran amfani. Orwell ya zana shi da tausayi, kamar dattijon da duniya ta gama koya wa hankali. Mu kuwa da muka karanta aya ta 159 ta Suratul Baƙara a kan masu ɓoye ilimi, da wuya mu ba shi wannan uzuri.

A nan ne tarihinmu ya fi ƙagaggen labarin yalwa. A 1807, jihadi bai ma ƙare ba, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, saboda ya ga jama'a sun karkata ga sarauta da dukiya da dawakai da ƙwaraƙwarai, kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙat. Da ya iso Kano aka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan haƙƙoƙin mulki. Babu irin wannan mutum a gandun Orwell, kuma ba zai yiwu a same shi ba: aladu ne suka tsara dokar, su ne masu alƙalami, babu nassin da ya fi ƙarfin hannunsu. Addini a littafin bai wuce wani tsuntsu mai yi wa dabbobi romon baka da dutsen alewa ba. Wannan giɓi ne babba.

Amma kada mu yi saurin yabon kai. Alƙalamin Abdullahi ya ajiye ma'auni, bai hana a keta shi ba. Wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa ya bar ƙasar Kano da jama'arsa saboda harajin da aka ɗora wa malamai, ya nufi duwatsun Ningi yana kukan zalunci. Magadansa ne suka shafe shekaru suna kawo hari kudancin Kano, har Rano da Tudun Wada, suna kama talakawa bayi.