Ƙaura daga wata kwamfuta zuwa wata: Shiga da sauƙi, fita da wuya

A yau shirin zai yi sharhi ne a kan wahalar da mutane ke sha wajen kwashe takardunsu da hotunansu da wasiƙunsu na i-mel, a duk lokacin da suka canza kwamfuta ko wayar salula, musamman ma idan sabuwar ba irin tsohuwar ba ce.

Bari mu fara daga birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Masu sha'awar wasanni za su iya tuna unguwar Perry Barr, inda filin wasa na Alexander yake, wato filin da Tobi Amusan ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar ƙasashe renon Ingila ta shekarar 2022. To a watan Afrilun wannan shekara, majalisar birnin da ke kula da wannan unguwa ta kwashe lissafin kuɗinta da bayanan ma'aikatanta daga manhajar kamfanin SAP zuwa ta kamfanin Oracle. An ƙiyasta aikin zai ci kimanin fam miliyan 19. Ƙaurar ba ta yi kyau ba, har ta kai ma'aikata na daidaita lissafin banki da hannu, kuma a shekarar 2023 majalisar ta ce kuɗin gyara zai iya kaiwa fam miliyan 100. A watan Satumban shekarar ne ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya daidaita kasafin kuɗinta ba, ko da yake babban dalilin shi ne bashin haƙƙoƙin ma'aikata da ya taru mata.

To idan hukuma mai ƙwararru da miliyoyin kuɗi ta yi tuntuɓe wajen ƙaura, ina ga ɗalibi ko ɗan tasi a Perry Barr, ko kuwa malamin makaranta a Zariya, wanda ba shi da mai taimaka masa sai yaron shagon gyaran waya? Kuma maganar ta taso da ƙarfi tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa manhajar Windows 10. Kwamfutoci da yawa, musamman na gwanjo da ake kai wa ƙasashenmu, ba sa iya ɗaukar Windows 11, saboda haka masu su ko dai su sayi sabuwa, ko su koma Linux, ko kuma Mac ga mai hali.

Kayan da mutum zai ɗauka kashi uku ne. Na farko su ne takardu. A ido abin kamar ba wuya, ka zuba su a filashi ka juye a sabuwar na'ura. Amma faifan da aka tsara da tsarin NTFS na Windows, kwamfutar Mac za ta karanta shi ne kawai, ba za ta rubuta komai a kansa ba. Wanda aka tsara da tsarin APFS na Apple kuwa, Windows ba ta ma san shi ba. Tsohon tsarin FAT32 kowa na jin yarensa, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Tsarin exFAT ne ke shiga ko'ina, amma fa ba kasafai mai sayar da kwamfuta zai gaya maka ba.

Mu masu rubutu da Hausa ma muna da ƙarin namu ciwon kan. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun ƙirƙiro salon haruffa na musamman domin a iya buga ɓ da ɗ da ƙ. Wannan aiki ya taimaka ƙwarai da gaske a zamaninsa. To amma duk wanda ya buɗe irin waɗannan tsofaffin takardu a na'urar da ba ta da wancan salo, sai ya tarar haruffan sun rikiɗe sun koma wasu alamomi dabam. Kundin digiri ko littafin da aka yi shekaru ana rubutawa sai an bi shi an mai da shi tsarin Unicode, wanda dukkan na'urori suka yarda da shi a yanzu.

Kashi na biyu su ne wasiƙun i-mel. A nan ya kamata mai sauraro ya san hanyoyi biyu da wasiƙa ke isowa. Hanyar POP tana sauko da wasiƙar ne cikin kwamfutarka, sau da yawa kuma ta share ta daga wurin kamfanin. Hanyar IMAP kuwa tana barin ta a can, kai dai leƙawa kake yi. Wanda ya yi shekaru yana amfani da POP da manhajar Outlook, wasiƙunsa na ƙunshe ne a cikin wani fayil da ake kira PST, wanda manhajar wasiƙu ta Apple ba ta buɗe shi kai tsaye. Kamfanin Google kuma tun shekarar 2011 ya buɗe hanyar da ake kira Takeout, inda zai ba ka dukkan wasiƙunka a fayil ɗaya mai suna mbox. Madalla. Amma abin mamaki shi ne, shafin Gmail ɗin da talaka ke amfani da shi ba shi da wurin da za ka mayar da wannan fayil, sai ka nemi wata manhaja kamar Thunderbird ta shiga tsakani.

Kashi na uku kuwa shi ne hirarraki da hotunan da ke cikin waya. An ƙirƙiro WhatsApp a shekarar 2009, amma sai a 2021 kamfanin ya fito da hanyar kwashe hira daga iPhone zuwa Android, sannan a 2022 ya buɗe ta komawa ɗaya ɓangaren. Wato fiye da shekaru goma ke nan mutane na canza waya suna barin muryoyin iyayensu da hotunan bikin 'yan uwansu a baya.

To a nan ne sukarmu take. Ba ilmi ne ya gagari waɗannan kamfanoni ba. Dubi dai yadda tun shekarar 2015 kamfanin Apple ya sanya wata manhaja kyauta a kasuwar Android, domin ta kwaso kayan duk mai son komawa iPhone. Kowane kamfani ya iya gina ƙofar shiga mai faɗi, ya shimfiɗa mata darduma. Ƙofar fita ce ake bari 'yar ƙarama a bayan gida. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da ke tsoron rasa hotunan 'ya'yansa ba zai tashi ba, ko da an ƙara masa kuɗi, ko da wani ya fito da abin da ya fi kyau.

Gaskiya ne an samu ci gaba, kuma bai kamata a ƙi faɗa ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga watan Mayun 2018 ta ba kowa 'yancin karɓar bayanansa ya kai wani wuri, Birtaniya kuma ta ci gaba da riƙe wannan tanadi bayan ficewarta daga ƙungiyar. Ita ma dokar kare bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ƙunshi irin wannan 'yanci. Sai dai kuma a aikace, abin da ake miƙa maka tulin fayiloli ne kawai, kamar mai gidan haya ya watso maka kayanka a ƙofar gida ya ce ai ban riƙe maka komai ba.

Babban giɓin da dokokin suka bari shi ne adireshin i-mel ɗin kansa. A Najeriya tun watan Afrilun 2013 mutum na iya canza kamfanin waya ya tafi da lambarsa. A Birtaniya tun watan Yulin 2019 saƙon tes guda ɗaya ya isa a fara wannan ƙaura. Amma adireshin i-mel ba ya bin mai shi, domin sunan da ke ƙarshensa mallakar kamfani ne. A ranar 31 ga watan Mayun 2017 kamfanin EE ya rufe adiresoshin Freeserve da Wanadoo da Orange, waɗanda mutanen Birtaniya da dama suka yi shekara da shekaru suna amfani da su. Kuma kun san a yau da adireshin ne ake shiga banki, da shi ake neman biza, da shi ake karɓar takardar makaranta. A ganinmu, kamar yadda gidan waya ke tura wa wanda ya tashi wasiƙunsa zuwa sabon gida, ya kamata hukumomin sadarwa su tilasta wa kamfanoni tura wasiƙun i-mel zuwa sabon adireshi, kyauta, na aƙalla shekara guda.

Kafin a kai ga haka, ga 'yan shawarwari. Ka ajiye kwafin kayanka a wurare biyu kafin ka taɓa komai. Wasiƙun da ke cikin tsohuwar kwamfuta ka mayar da su akwatin da ke aiki da IMAP, sai su bayyana da kansu a sabuwar. Kada ka ɗora harkar banki a kan adireshin da makaranta ko wurin aiki suka ba ka, don ranar da ka bar wurin ana iya rufe shi. Ka kuma riƙa leƙa tsofaffin akwatunanka, domin tun watan Disambar 2023 Google ya fara share waɗanda suka shekara biyu ba a taɓa su ba. Sannan kada ka sayar da tsohuwar na'urar, ko ka kyautar, sai ka yi wata guda kana aiki da sabuwar ka tabbatar komai ya iso. Masu iya magana dai sun ce ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. In ka tashi rabuwa da ita kuwa, ka goge ta tas, kada sirrinka ya tafi kasuwa.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan matsala yana iya aiko mana da wasiƙa ya ba mu labari.