Yadda ake sa Google ya san shagon tela a Barnawa

Telan da ya iya ɗinkin amare a Barnawa ba ya rasa ciniki daga maƙwabta. Amma amaryar da ke Malali ko Unguwar Rimi, can ƙetaren kogin Kaduna, ba ta san da zamansa ba. Waya za ta ɗauka ta tambayi Google. Akwai matasan da sana'arsu ke nan, su sa shafin shago ya fito cikin amsoshin farko, kuma ni aikinsu yana burge ni ƙwarai.

Gwani a cikinsu ba da kwamfuta yake farawa ba. Zama yake yi a shago ya ce, "Maigida, in kwastoma ta kira, me take cewa tana so?" Ya rubuta amsoshin a takarda: ɗinkin amare, anko, abaya, gyaran riga. Sannan ya buɗe Google ya fara rubuta kowace kalma a hankali, yana lura da abin da akwatin bincike ke ƙarasa masa, domin daga abin da jama'a suka saba nema yake fitowa. Ya san mutane da yawa "dinki" suke bugawa ba lanƙwasa, wasu kuma su gauraya da Turanci, don haka yana la'akari da duka.

Kowane shafi aiki ɗaya yake ba shi, da take mai faɗin sana'a da unguwa: "Ɗinkin Amare a Barnawa, Kaduna". Hoton leshi da aka ɗauka da waya yakan kai megabait huɗu ko biyar. Sai ya matse shi ya yi sauƙi ba tare da adon wuyan ya dushe ba, saboda mai ƙaramin data ba za ta jira ba, Google kuma yadda shafi ke buɗewa a waya yake dubawa. A bayan kowane hoto yana rubuta taƙaitaccen bayani, wanda injin bincike ke karantawa, manhajar makafi ma ta karanta musu. Daga nan ya miƙa jerin shafukan ga Search Console, kayan aikin Google na kyauta, don Googlebot, manhajar da ke yawo shafi-shafi tana tattara bayanai, ta san inda za ta bi.

Wurin da na fi ganin gwaninta shi ne taswira. Adireshin mutanenmu kwatance ne: bayan Complex, ka sha kwana ta hanyar Narayi. Shi kuwa a ƙofar shagon yake tsayawa ya dasa alamar a Google Business Profile. In an nemi shaida ta bidiyo, ya ɗauki titi, ya ɗauki allon suna, ya nuna maigida yana buɗe kwaɗo, ya shiga har kan keken ɗinki. Google ya bayyana abubuwa uku da yake aunawa a binciken kusa: dacewa da abin da ake nema, nisa, da shahara. Shi ya sa suna da adireshi da lambar waya dole su zo iri ɗaya a shafin, a Facebook, a Instagram, har a allon ƙofa.

Mai son banza yakan sayi yabon ƙarya ko tarin mahaɗai (links) masu kawowa shafinsa daga shafukan bogi, alhali tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don maganin sayen mahaɗai. Gwanin kuwa roƙon kwastomar gaske yake yi ta rubuta ra'ayinta ranar da ta karɓi kaya, kuma ya sa a amsa wa kowa, har da mai ƙorafi.

Sakamako yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Duk wata yana komawa Search Console ya duba kalmomin da suka nuna shafin, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa. In ya tarar ana neman ɗinkin anko alhali babu shafinsa, sai ya karɓi hotuna wajen maigida ya gina shi kafin bukukuwan bayan Sallah su kankama.