Liƙi a Cikin Duhu: Wa Ke Ƙidaya Ƙuri'ar Gasar Waƙa?

A filin dambe ba a doguwar jayayya. Da zarar ɗan dambe ya kai hannu ko gwiwa ƙasa an yi kisa, kowa ya gani da idonsa, makaɗi ya sauya kiɗa, a shigo da na gaba. Waƙa kuwa ba ta da kisa. Mawaƙa biyu sai su kwana suna baje kolinsu a ƙofar fada ɗaya, gari ya waye, rabin jama'a su watse da sunan wannan a bakinsu, rabi da sunan wancan. Wannan ita ce ƙayar da ta tsaya wa duk mai shirya gasar waƙa a maƙogwaro, daga dandalin ƙauye har zuwa Eurovision, gasar da ƙasashen Turai suka fara a birnin Lugano na Suwizalan a 1956, wadda masu kallonta ke haura miliyan 150 a shekara.

Arewacin Zamfara ta san wannan matsala tun kafin a san talabijin. A Tubali, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960 amma har gobe idan ana zancen waƙar fada da shi ake aunawa. Zurmi ta fitar da Kassu, makaɗin maza, na 'yan tauri da masu taurin kai. Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, ta zama mahaɗar fatake da 'yan ƙwadago, kuma duk inda kuɗi suka taru makaɗa na biye. Waɗannan mutane sun yi gasa da juna, gasa mai zafi, da zambo da habaici da ƙwace ubangida, ba tare da an taɓa buga musu takardar maki ba.

To da me ake gane wanda ya yi fice? Da kyauta. Sarki ya ba da doki ko babbar riga, hakimi ya aika da damman gero, attajiri ya tashi tsakiyar fili ya yi ƙari, abin da yaran yanzu ke kira liƙi. Nan take sanƙira zai ɗaga murya ya sanar: wane ɗan wane ya ba da kaza. Ba wanda zai ce wannan tsari adalci ne tsantsa. Mai hannu da shuni ya fi talaka murya a cikinsa, kuma makaɗin da ke da babban ubangida ya riga ya yi wa saura nisa tun kafin a ɗaura ganga. Amma yana da wani abu guda da ya kamata masu shirya gasar zamani su tsaya su duba: a fili ake yinsa. An san wanda ya bayar, an san nawa ya bayar, an san dalilinsa. Idan mutum ya zuba dukiya a kan mawaƙin da bai iya ba don kawai ɗan garinsu ne, gobe a kasuwa za a yi hirarsa. Kuma ba a taɓa cewa kyautar attajiri ita ce ra'ayin gari ba. Ra'ayin gari ana jinsa ne a wajen daka da wajen gayya, a waƙar da mutane suka ɗauka suna rerawa ba wanda ya biya su.

Ko da rediyo ya zo, al'adar ba ta sauya ba. A shirin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna, mai son waƙa kati yake aikowa, a karanta sunansa da garinsu da waɗanda yake gaisarwa, sannan a sa masa abin da ya zaɓa.

Turawa sun shafe kusan shekara 70 suna kai-komo a kan wannan tambaya, kuma tarihinsu cike yake da gyara bayan gyara. Da farko alƙalai ne kaɗai ke ba da maki. A 1969, a birnin Madrid, ƙasashe huɗu, Sifaniya da Birtaniya da Holan da Faransa, suka yi kunnen doki da maki 18 kowacce, ba kuma dokar raba gardama, sai aka ce duk sun ci. A 1975 aka kawo tsarin da ake bi har yau, inda kowace ƙasa ke ba waƙar da ta fi so maki 12, ta biyu 10, ta uku 8, a yi ta gangarowa, kuma ba ta da ikon zaɓen kanta. A 1997 ƙasashe biyar suka gwada barin masu kallo su zaɓa ta wayar tarho, shekarar da ta biyo baya kusan kowa ya bi. Cikin shekara goma sai kuka ya yi yawa cewa maƙwabtaka ce ke cin gasa, ba waƙa ba. A 2009 aka dawo da alƙalai suka karɓi rabin makin daren ƙarshe.

Su ma alƙalan ba waliyyai ba ne. Bayan zarge-zargen sayen ƙuri'a da suka biyo gasar 2013, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, wadda ita ce mai gasar, ta fara bayyana sunan kowane alƙali da yadda ya jera waƙoƙin, daga 2014. Wannan buɗewar ta yi rana. A 2022, a zagaye na biyu na kusa da ƙarshe, aka lura alƙalan ƙasashe shida, Azarbaijan da Jojiya da Montenegro da Polan da Romaniya da San Marino, sun jera junansu a sama cikin wani salo da ba a saba gani ba. Aka soke makinsu, aka maye gurbinsa da lissafin da aka ɗauko daga ƙasashe masu kama da su wajen zaɓe. Wasu daga cikinsu sun musanta, sun yi fushi. Abin lura shi ne, an iya kama abin ne domin akwai sunaye da jeri a rubuce, wanda kowa zai iya dubawa. Sanƙira ya yi aikinsa.

Ƙuri'ar waya ce ba ta da sanƙira. A 2023, a Liverpool, Loreen ta Suwidin ta ci da maki 583, alhali masu kallo sun fi son Käärijä na Finlan, wanda suka ba maki 376, ita kuwa 243. Alƙalai ne suka ɗaga ta. Jama'ar da ke zauren suka yi ta kiran waƙarsa ana cikin sanar da sakamako. Shekara biyu bayan haka, a Basel, zargi ya koma kan ƙuri'ar waya. JJ na Ostiriya ya ci da maki 436, amma Yuval Raphael ta Isra'ila, wadda alƙalai suka ba maki 60 kacal, ta kwashi 297 daga masu kallo ta zo ta biyu. Sai aka gano wata hukumar talla ta gwamnatin Isra'ila ta biya kuɗin tallace-tallace a intanet ana kiran mutane su zaɓe ta, a lokacin da doka ta yarda a jefa ƙuri'a har 20 da katin banki ɗaya ko layin waya ɗaya. Mai kati uku yana da 60. Gidajen talabijin na Sifaniya da Beljiyam da Ayilan suka nemi a buɗe musu alƙaluman. EBU ta ce an tantance ƙuri'un, sahihai ne. Mai yiwuwa haka ne, domin ba a karya dokar da ke akwai ba. Dokar ce ta mai da zaɓe liƙi, aka kuma kashe fitila, aka sanar da jimillar da sunan muryar jama'a.

A nan akwai bambancin da ake yawan tsallakewa. Shekara da shekaru ana yi wa Girka da Saifurus ba'a saboda musayar maki 12 da suke yi. Amma harshensu ɗaya, mawaƙansu ɗaya, rediyonsu waƙoƙi ɗaya yake sawa. Da za a yi gasar Afirka ta Yamma a yau, mutanen Maraɗi da Damagaram mawaƙin Hausa na Nijeriya za su zaɓa, mutanen Shinkafi kuma na Nijar, kuma ba maguɗi a ciki. Kunne abin da ya saba ji yake so, kuma Bahaushe a waƙa magana yake saurare, karin magana da kirari da inda aka soki wani ba a ambaci sunansa ba. Alƙalin da ba ya jin harshen, da za a sa masa Narambaɗa, kotso kawai zai ji da amshi. Don haka son maƙwabci ba cuta ba ne da za a nemi magani. Cutar ita ce mutum ɗaya ya zama mutum ashirin saboda aljihunsa.

Nijeriya ta ɗauki tsarin ƙuri'ar waya ba tare da ta ɗauki ko rabin ka'idojinsa ba. A bikin Headies na ranar 1 ga Janairun 2016 a Legas, lokacin da Reekado Banks ya ɗauki kyautar sabon tauraro mai tasowa, wadda ƙuri'ar jama'a ke tantancewa, Olamide ya hau dandamali ya nuna yaronsa Lil Kesh ne ya cancanta, Don Jazzy, ubangidan Reekado, ya mayar masa, ƙasa ta ɗauka. Da an buga yawan ƙuri'un kowa a allo a daren, da rigimar ba ta kai haka ba. A shirin Big Brother Naija kuwa ba a ma ɓoyewa: wanda ya fi biyan kuɗin kallo a DStv shi ya fi yawan ƙuri'a. Gasannin mawaƙan Hausa da ake shiryawa a Facebook da TikTok sun fi kowa rauni, inda mai kuɗin data da tarin layuka ke iya kwana yana dannawa.

Sannan ga tambayar da Bature bai cika fuskanta ba: wa ke da ikon jefa ƙuri'ar tun farko? A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu, abin ya zarce. Mutanen Ƙaura da Zurmi da Shinkafi suka koma shiga mota zuwa wata jiha don kiran waya ɗaya. Duk wata gasa da aka yi ta saƙon waya a waɗancan makonni, ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Kassu ba ta da baki a ciki. Ko a lokacin da layi ke aiki, tsohuwar da ta haddace waƙoƙin fada tun tana yarinya ba ta cikin lissafi, jikanta mai babbar waya shi ne jama'a.

Gyaran da zai yi tasiri ba ɓoyayye ba ne. Mai shirya gasa a Gusau ko Kano, ko masu AFRIMA da ke haɗa mawaƙan nahiya tun 2014, suna iya ɗaure kowace ƙuri'a da mutum ɗaya, tunda yanzu layin waya a Nijeriya a haɗe yake da lambar ɗan ƙasa. A bar mai zaɓe ya jera waƙoƙi uku da ya fi so, maimakon ya yi ta maimaita ɗaya. A sa alƙalan da ke jin harshen waƙar, a bayyana sunayensu da makinsu. A ware kaso ga masu sauraron rediyo, waɗanda ba su da intanet. Mafi muhimmanci, a buga ainihin yawan ƙuri'un, gari-gari, a bar wani mai bincike daga waje ya duba. Wanda kuma yake son nuna ƙauna da kuɗi, a buɗe masa wata kyauta daban, a kira ta da sunanta, a karanta nasa sunan.

A watan Nuwamban 2025 EBU ta sanar da nata gyaran don gasar 2026 a Biyenna. Alƙalai, waɗanda a baya aka cire daga zagayen kusa da ƙarshe, sun dawo cikinsa, an ƙara yawansu daga biyar zuwa bakwai a kowace ƙasa, biyu daga ciki matasa 'yan shekara 18 zuwa 25, an kuma taka wa gwamnatoci birki a kan tallata 'yan takara. Hakan bai hana Sifaniya da Holan da Ayilan da Sulobeniya da Aisilan janyewa ba, saboda an bar Isra'ila a ciki duk da yaƙin Gaza. Yawan ƙuri'ar da ake iya jefawa da kati ɗaya kuwa an rage shi ne daga 20 zuwa 10, kuma kowace ɗaya da kuɗi ake sayenta.