SHARHIN FIM: Kodachrome, ko hoto zai iya biyan bashin tarbiyya?

Mai karatu, in ka riski zamanin da ake ɗaukar hoto a kai shago a wanke, ka yi kwanaki kana zullumin ko ya fito ko ya ƙone, to wannan fim naka ne. Sunansa Kodachrome, darakta Mark Raso ne ya shirya shi, an fara haska shi a bikin finafinai na Toronto a 2017, Netflix ta saki shi a 2018.

Tushen labarin gaskiya ne. Kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin ɗaukar hoto mai launi na Kodachrome a 1935, ya daina yin sa a 2009. Wankinsa na buƙatar sinadarai na musamman, har ta kai shago ɗaya tak ya rage a duniya mai iya aikin, wato Dwayne's Photo da ke garin Parsons a jihar Kansas ta Amurka, wanda ya daina karɓar irin wannan fim a ƙarshen Disamba 2010.

A kan wannan aka ɗora labarin Ben (Ed Harris), shahararren mai ɗaukar hoto da ciwon daji ya ci ƙarfinsa. Yana da naɗi huɗu na tsohon fim da bai taɓa wankewa ba, sai ya nemi ɗansa Matt (Jason Sudeikis), wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji, ya kai shi Kansas a mota daga Niyok, tare da ma'aikaciyar jinyarsa Zooey (Elizabeth Olsen).

A gaskiya Ed Harris ya yi wasa. Ya fito a tsoho mai baƙar magana da taurin kai, wanda ya zaga duniya yana ɗaukar fuskokin 'ya'yan wasu, nasa ɗan kuma ya bar shi ya tashi a hannun ɗan'uwansa. Haka kuma an ɗauki fim ɗin kansa da fim na Kodak mai faɗin milimita 35, shi ya sa launinsa ke da taushi a ido.

Amma fa akwai gyara. Na farko, fim ne na tafiyar mota da wani gwanin kyamara, amma kusan komai a cikin mota da ɗakin otal ya ƙare. Ina tsaunuka, ina sararin Allah? Ka tuna Ansel Adams, wanda ya yi suna da hotunan duwatsun Amurka, a wata tafiya da iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite a 1916 ya fara, yana ɗan shekara 14, da 'yar kyamarar Kodak da suka ba shi. Da an nuna mana Ben ya tsayar da mota gindin wani tsauni yana koya wa Matt yadda ake jiran haske, da mun ga abin da yaron ya rasa tun yana ƙarami, ba sai an faɗa da baki ba.

Na biyu shi ne ƙarshen. Ben ya mutu a Kansas, Matt ya kunna majigi, sai ga hotunansa na ƙuruciya tare da iyayensa. Ba shakka wurin na sa hawaye. To amma ka tsaya ka yi tunani: uban da ya ɓoye ƙaunarsa a cikin fim ɗin da bai wanke ba shekara da shekaru, me ya amfana wa ɗan a lokacin da yake buƙatarsa? Fim ɗin ya yi saurin yafe masa, kamar naɗi huɗu sun isa su share laifin shekaru.

Duk da haka ka neme shi ka kalla, musamman in kai uba ne. Kada ka bari sai bayan ranka ɗanka ya gane kana son sa.