Gwanintar Sauraron Mai Damuwa Ta Waya

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san matsayin kunya a wurin mutanenta. Mace za ta shekara abu yana cin ta a rai, ta yi shara, ta yi girki, ta je biki ta je suna, in an tambaye ta ta ce lafiya lau. Saurayin da ya faɗa shan kodin ko tiramol ya gwammace a ce ya lalace da ya zauna gaban babba ya ce a taimake shi. A makarantun da ke da ofishin malamin shawara ma, ɗalibi kan ji tsoron a ga shigarsa. Shi ya sa nake matuƙar ganin girman waɗanda suka ƙware wajen sauraron mai damuwa ta waya. Sun samo wa mai kunya hanyar da zai yi magana ba tare da an kalli idonsa ba.

Ga kuma nisa da ƙarancin masana. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Mutumin Dalijan ko Kambaza, ko na Diggi a ƙasar Kalgo, in yana son ganin ƙwararre sai ya nufi Birnin Kebbi, ko ya wuce har asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware, gaba da Sakkwato. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi ya haƙura. Wayar salula kuwa, tun shigowarta a 2001, ta kai har rugage.

Sai dai riƙe waya daban, iya aikin daban. Gwanintar tana bayyana ne tun a minti na farko. Ƙwararriyar mai ba da shawara ba ta fara da tambayar me ke damun mutum. Bayan sallama da gaisuwa a tsanake, an tambayi gida, an tambayi yara da gajiya, sai ta ce: "Yaya, wayar nan taki ce ko ta aro? Ke kaɗai ce a ɗaki?" Waɗannan tambayoyi biyu su ne ginshiƙin aikin. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta maigida, ko ta ɗan da ke karanta wa uwarsa saƙo. Inda babu wutar lantarki waya kan wuni a shagon mai caji, hannu nawa za ta bi kafin ta dawo, Allah kaɗai ya sani. Saboda haka mai shawara ba ta tura saƙon da zai tona asiri. Ba ta kira sai a lokacin da aka yi alkawari, misali bayan azahar, sa'ad da maza suka fita yara suna makarantar allo. Sukan kuma shirya wata alama tsakaninsu: in wani ya shigo, mai kiran ta ce, "To Malama, sai na aiko da ɗinkin," nan take a yanke magana, ba tambaya. In babu kati, ta yi filashin, Malama ta kira.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karanta murya. Wanda ke zaune gabanka, kana ganin hawayensa, kana ganin ramarsa da yadda yake murza hannu. A waya duk babu wannan, sai numfashi, da rawar murya, da shiru. Shirun ma kashi-kashi ne. Akwai na yankewar layi, akwai na wanda wani ya shigo masa ɗaki, akwai na mai haɗiye kuka, akwai na wanda ya kawo bakin maganar da bai taɓa faɗa wa kowa ba yana auna ko ya faɗa. Sabon shiga da ya ji shiru sai ya hau "Kina ji na? Kina ji na?", ya kori maganar da ta kusa fitowa. Gwani kuwa jira yake yi. In ya daɗe ya ce a hankali, "Ina nan, ba gaggawa." Ya san "ba komai" da aka faɗa da sauri ba ɗaya take da "ba komai" da aka ja ba. Ya san wadda ta ce kanta ke ciwo kullum, ba ta barci, abinci ba ya mata daɗi, wataƙila ba maganin ciwon kai take nema ba. Kuma yana danne abin da ya fi saurin zuwa bakin kowannenmu, wato "yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai kyau, amma in aka riga aka miƙa shi kafin a ji ƙarshen zance, mai magana ya fahimci an rufe masa baki ke nan.

Saƙon murya na WhatsApp ya ƙara faɗaɗa ƙofar, musamman ga wadda ba ta yi boko ba. Ta yi maganarta cikin dare, Malama ta saurara da safe, ta maimaita saurare, ta lura da inda murya ta karye, sannan ta ba da amsa gajera, ta kuma tuna mata ta goge. Matasa kuwa rubutu suka fi so. Tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta samu mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, yankin yana karɓar ɗaliban da suka baro iyaye a nesa, ga jarrabawa, ga ƙarancin guzuri. Irinsu sukan rubuta da tsakar dare abin da bakinsu ba zai iya furtawa ba.

Neman shawara daga nesa ba baƙon abu ba ne a nan. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da magadansa, sarakunan Nufe da Ilori wasiƙa suke aikowa Gwandu. Nana Asma'u kuma malamai mata da ake kira jaji ta riƙa turawa ƙauyuka su kai wa mata karatu da nasiha har gida. A Ingila, wani limamin coci mai suna Chad Varah ya buɗe layin waya a Landan a 1953 domin masu tunanin kashe kansu, daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. A nan gida, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta buɗe layin kyauta a 2022 domin masu fama da shaye-shaye da iyalansu, bayan binciken 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda.

Gwani na gaske ya san iyakar waya. Tun kafin zance ya yi nisa yakan tambayi garin da mai kira yake, da mutum ɗaya da ya yarda da shi, ko ƙanwar uwa ko malaminsa, domin ranar da layi zai yanke a mummunan lokaci. In ya ji alamar mutum ya gaji da rayuwa, ba ya kewaye-kewaye, kai tsaye yake tambaya ko yana tunanin cutar da kansa, ko akwai maganin ƙwari a kusa da shi, wanda ba ya wuya a gidan manomi. In mace ta haihu ta daina barci, tana jin muryoyin da babu mai jin su, ba zai tsaya lallashi ta waya ba, zai nemi mijin ko uwar, ya yi musu bayani cikin ladabi cewa wannan ciwo ne mai magani, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ba ya rubuta magani, wannan aikin likita ne. Ba ya ajiye sunayen mutane a wayarsa yadda ɗansa zai gani, ba ya naɗar murya sai da izini.

Doka ma ta fara kamo aikin. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar ba da shawara, a Janairun 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Abin da nake fata daga masu horaswa shi ne su sa sauraro ta waya cikin darasi na musamman, a yi gwajinsa da Hausar da ake yi a Gwandu da Kalgo, a kuma nemo matasa masu jin Fulatanci da Zabarmanci a horar da su, domin matar ruga da ta yi ƙarfin halin kira ta samu mai amsa mata da harshenta.